Babi na Tara: Wa Zai Tayar da Mai Barci?

Yawancin rayuwar manhaja a jira take ƙarewa. Wanda bai san cikin kwamfuta ba zai ɗauka lissafi take yi ba dare ba rana, alhali uwar garken da ke amsa buƙatun mutane a intanet ta fi daɗewa tana sauraron abin da bai iso ba: amsar banki, saƙon da ke kan hanya daga wata nahiya, fayil ɗin da faifan ajiya bai gama karantowa ba. Masarrafa tana aiwatar da umarni biliyoyi a daƙiƙa guda, amma saƙon da ya tashi daga Kano zuwa Turai ya dawo yakan ci kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ko fiye. A wannan ɗan tsakanin da ta gama umarni miliyan ɗari da ɗoriya, in da an ba ta abin yi.

Tsohuwar dabara ita ce kowane aiki a ba shi zarensa, wato layin aiki mai zaman kansa wanda babbar manhaja ke kula da shi. In aikin ya zo wurin jira, zaren ya kwanta, babbar manhaja ta tashe shi in lokaci ya yi. Dabarar tana da sauƙin fahimta, sai dai tana da tsada. A yaren Rust, kowane sabon zare ana keɓe masa fili na megabait 2 a ma'adana in ba a faɗi wani adadi ba, kuma duk sauyi daga wannan zare zuwa wancan sai an bi ta hannun babbar manhaja. A 1999 Dan Kegel ya yi rubutun da ya shahara kan yadda na'ura guda za ta riƙe masu hulɗa 10,000 a lokaci ɗaya. Amsar ta zo a hankali: FreeBSD ta samu kqueue a 2000, Linux ta samu epoll a 2002. Da waɗannan, zare ɗaya yana iya miƙa wa babbar manhaja jerin hanyoyin sadarwa dubbai ya ce duk wadda ta motsa a sanar da shi. Daga nan ayyuka suka zama dubbai, zarurruka kuma 'yan kaɗan, sai wata tambaya ta taso wadda a da babbar manhaja ce ke ɗauke wa kowa nauyinta: aikin da ya kwanta jira, wa zai tashe shi?

Duk wanda ya taɓa fitowa daga Kibiya da sassafe ya sauka tashar Rano yana neman motar Kano ya san wannan tambaya. Mota na kan layi, fasinja huɗu a ciki, direba ba zai tashi ba sai ta cika. Kana iya shiga ka zauna kana sharce gumi, ba ka tsinana komai. Wannan shi ne zaren da ya kwanta. Kana iya zuwa teburin mai shayi kana dawowa bini-bini kana tambayar ko ta cika, ka gajiyar da kanka ka gajiyar da ɗan kamasho. Ko kuma ka biya kuɗin kujera ka ce, "Malam, ga lambata, zan leƙa kasuwa. In ta cika ka yi mini filashin." Ya ce, "Ba komai Alhaji, je ka abinka." Rust wannan ta ukun ya zaɓa, kuma duk rigimar wannan babi a kan lambar nan take.

Graydon Hoare ne ya fara Rust a 2006 a matsayin aikin kansa, Mozilla ta rungume shi a 2009, siga mai lamba 1.0 ta fito ranar 15 ga Mayu 2015. Yare ne na ginin tushe, irin aikin da C da C++ suka daɗe suna yi. Ba shi da mai shara, wato wancan ɓangare da ke bin bayan manhaja a Java ko Go yana kwashe abin da aka gama amfani da shi a ma'adana. Haka kuma a 2014 masu yaren suka cire ƙananan zarurrukan da yake gudanarwa da kansa. Saboda haka Rust bai zo da nasa mai rabon ayyuka ba. Kowa na iya rubuta nasa. A Agustan 2016 Aaron Turon da Alex Crichton suka fitar da laburaren futures, Carl Lerche kuma ya sanar da Tokio, wanda yau shi ne mai rabon ayyukan da aka fi amfani da shi. Abin da yaren ya ɗauka a wuyansa kawai shi ne yarjejeniyar da ke tsakanin aiki da mai rabo. An tabbatar da ita a sigar 1.36 ranar 4 ga Yuli 2019, kalmomin async da await suka biyo baya a 1.39 ranar 7 ga Nuwamba na shekarar.

Yarjejeniyar gajeriya ce. Mai rabo yana taɓa aiki ta hanyar kiran poll, ya miƙa masa wani ɗan abu mai suna Waker. Aikin ya ci gaba iya inda zai iya. In ya kammala ya ce Ready, ga sakamako. In ya ci karo da jira ya ce Pending, amma kafin ya faɗi haka wajibi ne ya ajiye Waker ɗin a hannun wanda zai san lokacin da abin jiran ya iso: mai sauraron epoll, ko agogo, ko ɗaya bakin bututun saƙo. Mai rabo ba zai sake waiwayarsa ba har abada sai an kira wake a kan wannan Waker. A sigar futures ta farko ana ɗauko wannan abu ne a ɓoye daga ajiyar zaren da ake ciki, wanda ya neme shi a wajen aiki kuwa manhajarsa ta faɗi nan take. Daga baya aka mayar da shi abin da ake miƙawa hannu da hannu, kowa na gani. A ganina wannan na cikin gyare-gyare mafi amfani da aka yi kafin a rufe ƙofa.

To, koma tasha ka lura da tsarin abin da ya faru. Fasinja ya leƙa mota ya ga saura kujera uku. Ya juya yana laluben biro. A daidai lokacin wani magidanci da matansa biyu suka iso suka cike gurbin. Ɗan kamasho ya duba takardarsa, babu lambar kowa, ya mayar aljihu. Sannan fasinjan ya rubuta lambar ya ajiye a kan benci ya nufi kasuwa da abin da ya gani ɗazu a ransa, cewa saura uku. Yanzu mota na jiran mai kujera, mai kujera na jiran kira, kuma cikar mota sau ɗaya take faruwa. A tashar gaske wani zai ɗaga murya, ko yaron mota ya hango takardar. Kwamfuta ba ta da wannan hankali. Tazarar da ke tsakanin dubawa da ajiye lamba ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, amma uwar garken da ke yin abu sau miliyoyi a yini dole wata rana ta faɗa cikinta.

Maganin a baki ba wuya: fara ajiye lamba, sannan ka sake leƙa motar kafin ka tafi. In ta cika kafin ka ajiye, leƙen na biyu zai nuna maka. In bayan ka ajiye ta cika, za a kira ka. A aikace kuwa akwai ƙura, domin masarrafan zamani ba sa bin jerin rubutu da karatu yadda aka tsara musu. Suna gaggauta wani su jinkirta wani don sauri, kuma masarrafan ARM da ke cikin wayoyinmu sun fi na Intel sakin fuska a wannan fanni. Sai an yi amfani da umarni na musamman waɗanda ba sa rabuwa biyu, an kuma gaya wa masarrafa abin da dole ya riga wani. Laburaren futures ya tattara wannan wahala a wani ƙaramin akwati mai suna AtomicWaker. Akwatin yana tuna ko zaune yake, ko ana cikin ajiye lamba, ko ana cikin kira. In mai kira ya iso ya tarar ana tsakiyar ajiyewa, ba ya tsayawa jira. Sai ya bar alama ya wuce. Mai ajiyewa in ya gama ya ga alamar, shi da kansa zai yi kiran.

Matsalar ta girmi Rust da shekaru arba'in. Jerome Saltzer, a kundin digirinsa na 1966 a MIT lokacin ginin babbar manhajar Multics, ya bayyana wata 'yar alama da ake kunnawa in kiran tashi ya riga barci zuwa, don mai shirin kwanciya ya gan ta ya fasa. A 1980 Butler Lampson da David Redell na Xerox suka rubuta abin da suka koya daga yaren Mesa: a ɗauki tashi a matsayin ishara kawai, wanda aka tasa ya sake duba ko abin da yake jira ya tabbata, in bai tabbata ba ya koma ya kwanta. A 1991 mutum huɗu daga Bell Labs, Rob Pike da Dave Presotto da Ken Thompson da Gerard Holzmann, suka fitar da maƙala sukutum a kan 'yan layukan barci da tashi na babbar manhajar Plan 9, har sai da suka bi layukan da manhajar tantancewa ta Holzmann. Ken Thompson fa, wanda ya ƙirƙiro Unix. In irinsa bai yarda da idonsa kaɗai ba a wannan wuri, sauranmu sai mu yi hattara.

Rust ya gaji ra'ayin Mesa. An yarda a tashi aiki ba gaira ba dalili. Iyaka ya duba ya ga ba komai, ya sake cewa Pending. Kira na banza ɗan lokaci kaɗan yake ci. Kiran da ya ɓata kuwa ba ya barin sawu: manhaja ba ta faɗi ba, ba ta rubuta kuskure a kundin rahoto ba, masarrafa ma tana hutawa abinta, sai dai wani a can yana kallon da'ira tana juyawa a fuskar wayarsa. Irin wannan shiru ya taɓa yin ɓarna babba. Ranar 14 ga Agusta 2003, manhajar ƙararrawa ta wani ɗakin kula da wutar lantarki a jihar Ohio ta maƙale saboda ɓangarori biyu sun yi rige-rigen taɓa bayani guda. Fiye da awa ɗaya ma'aikata ba su san ƙararrawar ta mutu ba, layukan wuta suna ta faɗuwa, daga ƙarshe mutum kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada suka shiga duhu. Kuskuren ba irin namu ba ne sak, amma gidansu ɗaya.

Akwai kuma tsohuwar lamba. Ana iya ɗauke wani ɓangaren aiki daga hannun wannan a mayar hannun wancan tsakanin poll biyu, sai Waker ya canja. Ƙa'ida ita ce wanda aka miƙa a kira na ƙarshe shi ne mai aiki. Wanda ya ajiye na farko bai sabunta ba zai yi ta tashin wanda bai kamata ba. Akwai will_wake don a gwada ko sabon da tsohon ɗaya ne, a huta da kwafin banza.

Inda aka fi jin jiki shi ne cikin Waker ɗin kansa. In ka buɗe shi, adireshi biyu ne kacal, bait 16 a na'ura mai bit 64. Na farko yana nuna inda aikin yake a ma'adana, ba tare da faɗin ko mene ne a wurin ba. Na biyu yana nuna wani tebur mai suna RawWakerVTable, mai ɗauke da ayyuka huɗu: clone, wake, wake_by_ref da drop. An yi shi tsirara haka ne da gangan, domin ya dace da kowane irin mai rabo, daga Tokio a kan uwar garke mai masarrafa ɗari zuwa ƙwayar lantarki da ba ta da tsarin rabon ma'adana ko kaɗan. Farashin kuwa shi ne duk wanda zai haɗa Waker da hannunsa sai ya rubuta kalmar unsafe, wato ya ce wa kompaila, manhajar da ke tace rubutu ta juya shi harshen na'ura, "janye, na ɗauki alhaki."

Alhakin ƙidaya ne. Kwafin Waker na iya kasancewa a hannun agogo, wani a hannun mai sauraron epoll, wani a wani zare dabam, kuma ba a isa a share aikin daga ma'adana ba muddin ɗaya daga cikinsu na raye. Don haka ake riƙe lissafin masu riƙe da shi. Kiran clone yana ƙara ɗaya. Kiran drop yana rage ɗaya. Kiran wake yana tashin aikin kuma ya cinye Waker ɗin, don haka shi ma ya rage ɗaya. Shi kuwa wake_by_ref yana tashi ne ya bar lissafi yadda ya same shi. In ka manta ragewa a wake, ayyukan da suka mutu za su yi ta taruwa har ma'adana ta cika bayan kwanaki. In ka rage a wake_by_ref, lissafi zai kai sifili da wuri, a share aikin, a ba wani filin, alhali wani na riƙe da adireshin. Mun san yadda layin waya da aka daɗe ba a amfani da shi yake komawa kasuwa a sayar wa wani. Ɗan kamasho ya buga lambar Alhaji, wata baiwar Allah a Bunkure ta ɗauka. A waya sai a ce "yi haƙuri Hajiya, kuskure ne." A ma'adana, kiran zai rubuta a kan bayanan baƙon, kuma ta irin wannan ƙofa masu kutse ke shiga. Microsoft ta bayyana a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na raunukan tsaron da take toshewa duk shekara daga kurakuran ma'adana suke, masu burauzar Chromium ma suka faɗi adadi makamancin haka a 2020.

Wani tarkon ya fi wannan ɓoyuwa. Rust yana da ma'aunin ƙidaya iri biyu: Rc mai sauri wanda zare ɗaya kaɗai ya dace ya taɓa, da Arc mai ɗan nauyi wanda ke jure zarurruka da yawa. Mai rubuta ƙaramin mai rabo na zare ɗaya zai ji sha'awar Rc. Sai dai yaren ya riga ya yi wa kowa alkawarin cewa Waker ana iya aika shi kowane zare. Wani laburare da ba ka taɓa karanta cikinsa ba zai iya ɗaukarsa ya kai can. Zare biyu su karanta lissafi su ga 1, kowanne ya rubuta 2, alhali 3 ya kamata, sai a share aiki da mai riƙe da shi a raye. A wurin da babu unsafe kompaila ba zai bari Rc ya ƙetare zare ba, amma a nan adireshin ba shi da suna, kompaila bai san abin da ke bayansa ba.

Ranar 25 ga Maris 2021 sigar 1.51 ta kawo Wake: ka sa aikinka cikin Arc, ka rubuta abin da zai faru in an tashe shi, yaren ya gina teburin ya riƙe lissafin. Babu unsafe ko ɗaya. Shawarata ga duk wanda ba a ƙwayar lantarki yake aiki ba, kuma bai auna ya ga nan ne saurinsa ke zuba ba, ya tsaya nan. Abin dariya, shekaru da dama mutane suna rubuta teburin nan mai haɗari don kawai su samu Waker da ba ya yin komai, na gwaji. Sai a Fabrairun 2025 sigar 1.85 ta ba su Waker::noop.

Shi ma mai rabo yana da nasa rabon ciwon kai. Me zai yi in kira ya zo alhali aikin yana tsakiyar gudu? In ya sa shi a layi nan take, wani zare zai ɗauka, zare biyu su shiga aiki guda. In ya yi watsi da kiran, wataƙila aikin ya riga ya wuce wurin dubawa, kiran ya ɓata ke nan. Tokio yana ajiye halin kowane aiki a lamba guda da ake sauyawa da umarnin da ba ya rabuwa: wani bit na cewa yana gudu, wani an kira shi, wani ya kammala, wani an soke shi, akasarin ragowar kuma lissafin masu riƙe da shi. Kiran da ya tarar da aiki na gudu sai ya kunna alamar kira kawai. In aikin ya ce Pending, mai rabo ya ga alamar ya mayar da shi layi. Kira goma kafin a waiwaye shi duk ɗaya suke zama. Kiran da ya zo bayan an kammala ba ya yin komai, amma ɗan kan aikin yana nan a ma'adana har Waker na ƙarshe ya tafi.

Ga iyakar abin da yaren zai iya. Da Arc da Wake, kompaila yana tabbatar da cewa lambar da ka bari ba za ta taɓa faɗawa hannun baƙo ba. Amma ka rubuta poll da ke cewa Pending ba tare da ya ajiye Waker ko'ina ba, zai wuce tantancewa salin alin, domin a ma'aunin Rust aikin da ya kwanta har abada bai taɓa ma'adanar kowa ba. Masu tallar yaren sukan ce in ya wuce kompaila to ya yi. A wannan lungu maganar ba ta tsaya ba. Shi ya sa masu Tokio suka gina loom, wanda ke ɗaukar ƙaramin gwaji ya maimaita shi ta jerin shiga da fitar zarurruka iri-iri, har da jinkirin da masarrafa ke da izinin yi. Da Carl Lerche ya sake rubuta mai rabon Tokio a Oktoban 2019, ya faɗa cewa loom ya kamo kurakurai da dama da sauran gwaje-gwaje suka tsallake.

A ɗaya ƙarshen kuma akwai Embassy, wanda Dario Nieuwenhuis ya fara don ƙananan ƙwayoyin lantarki. A ce na'urar auna danshin ƙasa ce a gonar rani da ke shan ruwan Tiga, tana rayuwa da ɗan batiri, ma'adanarta 'yan kilobait. A nan kowane aiki an yanka masa wurinsa tun lokacin gini, ba ya gushewa, saboda haka ba a buƙatar lissafin masu riƙewa. Clone kwafin adireshi ne kawai, drop kuma ba ya yin komai. Sai dai mai kiran yanzu katsewar lantarki ce, wadda ke iya faɗowa tsakanin kowane umarni biyu. In ta nemi makullin da aikin da ta katse yake riƙe da shi, na'urar ta sandare, don haka layin ayyuka dole a gina shi yadda katsewa ba za ta taɓa tsayawa jiran kowa ba. In layi ya ƙare, mai rabo a ƙwayoyin Cortex-M na ARM yana kwantar da masarrafa da umarnin WFE, mai kira kuma ya tashe ta da SEV. Tsakanin ganin layi babu kowa da kwanciya akwai tazarar nan dai, kuma masu ƙera ƙwayar sun san da ita: SEV yana kunna wani bit a cikin masarrafar, in WFE ya zo ya tarar da shi a kunne sai ya kashe shi ya wuce ba tare da ya kwanta ba, mai rabo ya sake duba layi.